Tukunya da Lafiyar 'Ya Mace: Tsokaci a kan Cimar Birnin Kano da Ciwon Dajin Nono

Bahaushe bai cika son kiran mugun abu da sunansa ba. Shi ya sa ya kira maciji igiyar ƙasa, ya kuma kira ciwon da ke cin naman jiki a ɓoye da suna daji, watau abin da ba a san iyakarsa ba, ba a kuma san ta inda zai ɓullo ba. Idan wannan ciwo ya sauka a nonon mace, sai kunya ta haɗu da tsoro, magana ta koma raɗa. A lungunan Yakasai da Mandawari da Gwangwazo akan ji an ce wance ba ta jin daɗi, ko kuwa a ce ciwon nan ne, sai kowa ya yi shiru ya kaɗa kai. Manufar wannan maƙala ita ce duba wata tambaya da matan birni kan yi wa juna a gidan suna da gidan makoki: shin abin da ake ci yana da hannu a wannan ciwo, ko kuwa babu ruwan tukunya?

Da farko ya kamata a san girman al'amarin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a shekarar 2020 an sami mata miliyan 2.3 da suka kamu da dajin nono a duniya, kuma 685,000 suka rasu ta dalilinsa. A Nijeriya, ƙiyasin wannan shekara ya nuna sama da mata 28,000 ne suka kamu, sama da 14,000 kuma suka riga mu gidan gaskiya. Shi ne dajin da ya fi kama mata a ƙasar nan. Abin da ya fi ban tausayi shi ne, mafi yawan masu zuwa asibiti sukan zo ne bayan ciwon ya ci ƙarfinsu.

Tunanin cewa abinci yana da hannu a ciki ya samo asali ne daga lura da baƙi. A ƙasar Japan, a tsakiyar ƙarni na 20, wannan ciwo bai yawaita ba. Amma da masana suka bi diddigin Japanawan da suka yi ƙaura zuwa Amurka, sai suka tarar 'ya'yansu da jikokinsu mata suna kamuwa fiye da danginsu na gida, har adadin ya doshi na Amurkawa. Jini bai sauya ba, abin da ya sauya shi ne cima da yanayin zama da yawan haihuwa. Darasin da ke nan ya shafi Kano, domin al'umma tana iya yin ƙaura daga wata cima zuwa wata ba tare da ta fita ƙofar gari ba.

Duk wanda ya zauna da tsofaffin birni zai ji yadda cimar da take. Da safe koko da ƙosai ko ɗumamen tuwo, da rana fura da nono ko dambu ko ɗanwake, da dare tuwon dawa ko na gero da miyar kuka ko kuɓewa ko yakuwa, an kaɗa da daddawa. Ga kwaɗon zogale da na rama a tsakani. Nama na ranar kasuwa ne ko na salla, shinkafa kuwa abincin biki ce. Alkaki da nakiya da dubulan sai an tashi kai garar amarya ake ganinsu. Kafin kuma tuwo ya kai akushi, sai mace ta yi surfe, ta yi bakace, ta yi daka ko niƙa a dutse, ta ja ruwa a rijiya. Matar da ke cikin kulle ba ta fita, amma guminta kan jiƙa zane kafin azahar.

Daga shekarun 1970, lokacin da kuɗin man fetur ya shigo, sai tukunya ta fara sauya kamanni. Farar shinkafa da fulawa suka zama na yau da kullum, burodi da shayi mai kaurin sukari suka ture koko, taliyar leda da lemon kwalba suka shiga kowane lungu, dunƙulen ɗanɗano ya rage wa daddawa daraja. Injin niƙa ya hutar da turmi, famfo da 'yan garuwa suka hutar da guga. Babu mai hankalin da zai so a mayar da mata wahalar da, to amma jikin da ya daina wancan aiki ya kuma koma cin abin da ya fi maiƙo da zaƙi. A gida guda akan sami kaka siririya mai shekara 80 tana tafiya da ƙafarta, ga 'yarta mai shekara 55 tana fama da ciwon sukari da nauyin jiki. Al'ada kuma ba ta ganin laifin haka, domin idan mace ta yi ƙiba cewa ake yi ta samu hutu, mijinta ya iya kiwo. Har magungunan ƙara ƙiba ake sayar wa 'yan mata da amare.

To, me bincike ya tabbatar? A shekarar 2018 Asusun Binciken Ciwon Daji na Duniya ya fitar da babban rahoto wanda ya tace binciken ƙasashe da dama. Hujja mafi ƙarfi ta tsaya a kan abubuwa kaɗan. Giya tana ƙara haɗari, wannan kuwa addini ya riga ya kare matan birni daga gare shi. Ƙiba da ƙaruwar nauyi a shekarun girma suna ƙara haɗari bayan mace ta daina haila, motsa jiki da shayarwa kuma suna rage shi. Dalilin ƙiba a fili yake. Idan haila ta ɗauke, kitsen jiki ne ke zama babbar masana'antar sinadarin istirojin, shi kuwa wannan sinadari yana ciyar da mafi yawan nau'o'in dajin nono. Game da ganyaye kuwa, rahoton ya ce akwai alamar amfani, sai dai hujjar ba ta yi kauri ba tukuna.

An kuma yi gwaje-gwaje biyu da suka cancanci ambato. A Amurka an raba mata 48,835 da suka daina haila kashi biyu, aka sa kashi ɗaya rage maiƙo da ƙara ganye da 'ya'yan itace da hatsi. Sakamakon 2006 bai nuna bambanci mai gamsarwa a yawan kamuwa ba, amma da aka ci gaba da bin su kusan shekara 20, sai aka ga mutuwa daga dajin nono ta ragu da kimanin kashi 21 cikin 100 a wannan kashi. A Sifen kuma, sakamakon da aka buga a 2015 ya nuna cewa matan da aka ɗora a kan cimar ganye da wake da kifi da man zaitun sun fi tsira daga ciwon, ko da yake mata 35 ne kacal suka kamu cikin sama da 4,000, don haka masana suka nemi a yi hattara da hukunci. Abin lura shi ne, duk gwaje-gwajen biyu sun dubi tsarin cima ne baki ɗaya, na shekara da shekaru. Babu wani ganye guda ko garin magani guda da aka tabbatar yana hana wannan ciwo, balle ya warkar da shi.

Shayarwa tana da matsayi na musamman a nan, domin a Hausa kalmar nono ta haɗa gaɓar da abin da ke fita daga cikinta. Wani babban nazari da mujallar Lancet ta buga a 2002, wanda ya haɗa bincike 47 daga ƙasashe 30, ya gano cewa kowane wata 12 na shayarwa yana rage haɗari da kashi 4.3 cikin 100. Ke nan al'adar shayar da yaro kusan shekara 2 kafin yaye, wadda Alƙur'ani mai girma ya ambata a Suratul Baƙara, garkuwa ce ga uwa kamar yadda take abinci ga ɗa. Madarar gwangwani da gaggawar yaye suna rage wannan garkuwa.

Duk da haka, adalci ne a faɗi iyakar tukunya. Binciken da aka soma a Ibadan a 1998, wanda Farfesa Olufunmilayo Olopade take cikin jagororinsa, ya bayar da rahoto a 2018 cewa kimanin kashi 15 cikin 100 na matan Nijeriya masu wannan ciwo da aka gwada suna ɗauke da tawaya ta gado a ƙwayoyin halittarsu, musamman waɗanda ake kira BRCA1 da BRCA2. Har ila yau, da yawa daga masu kamuwa a ƙasar nan ba su kai shekara 50 ba, lokacin da tasirin ƙiba bai bayyana ba. Saboda haka zalunci ne a dubi mara lafiya a ce cinta ne ya ja mata. Haka kuma ba duk abin da aka gada ne alheri ba. Likitocin Zariya sun nuna tun a shekarun 1970 cewa kunun kanwa mai yawa da zafin wankan jego suna da alaƙa da ciwon zuciyar masu jego. Tsohuwar cima ana ɗaukar mai kyanta ne, a bar sauran.

Akwai kuma wata cuta da ta fi ta tukunya, ita ce jinkiri. Mace kan ji ƙullutu a nononta ta yi shiru wata da watanni, daga nan a ce sammu ne, a nufi masu saiwoyi a Kasuwar Kurmi, a riƙe maganar nan da ake yi cewa daji ba ya son allura. Alhali ga Asibitin Murtala nan kusa da Ƙofar Mata, ga kuma Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Ciwon da aka kama da wuri sau da yawa yana jin magani, kuma ba kowane ƙullutu ne daji ba, amma likita ne kaɗai zai bambance. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

A taƙaice, abinci ba ya yanke wa kowa hukunci, amma yana iya ƙara wa sikeli nauyi ko ya rage masa. Abin da masana ke nema, watau hatsin da ba a kwashe dusarsa duka ba, da wake, da ganye, da ƙarancin sukari da soye-soye, yana nan a kasuwannin Rimi da Kurmi, yana kuma da sunaye na Hausa. Nauyin da ke kan ɗaliban wannan harshe shi ne su samar da kalmomin da mace za ta iya faɗin ciwonta da su gaban mijinta da likita ba tare da ta sunkuyar da kai ba, su kuma kai wannan ilmi zaurukan Islamiyya da gidajen rediyo cikin Hausar da tsohuwa za ta gane. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya kare masu lafiya, amin.