Keke da kyamara a Sharaɗa, Challawa da Bompai

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji, amma duk wanda aka taɓa turo masa bidiyon da aka ɗauka daga kan babur ya san cewa gani ma iri-iri ne. Gini yana tsalle, rubutun allo ba ya karantuwa, kafin minti ɗaya ya cika ido ya gaji, mutum ya wuce zuwa wani abin. Shekara biyu ke nan ina zagaya unguwannin masana'antu na Kano a kan keke, da 'yar kyamarar da ba ta kai girman sabulun wanka ba, kuma babu abin da ya ci lokacina kamar neman hanyar da hoton zai natsu. Dalilina shi ne, abin da nake ɗauka shaida ce, shaidar da ke rawa kuwa babu mai tsayawa ya dube ta.

Bompai ce babbar yaya a cikin ukun, domin tun ƙarshen zamanin Turawa ta fara karɓar masana'antu, lokacin da gyaɗa da fatu da auduga ke riƙe da arzikin Arewa. Sharaɗa da Challawa sun bunƙasa daga baya, bayan kuɗin man fetur ya shigo a shekarun 1970. Mahaifina ya yi aiki a wata masaƙa, kuma na tashi ina jin labarin jiniyar canjin aiki da ayarin kekunan ma'aikata da ke cika titi. Daga shirin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986, zuwa ƙarancin wutar lantarki da kwararowar atamfofin waje cikin Kantin Kwari, masana'antu da yawa sun rufe. Wasu sun koma sito, wasu ciyawa ta cinye harabarsu, wasu kuma, musamman na robobi da na abinci da na jimar fata, suna nan suna fafutika da janareta. Ɗan shekara ashirin a yau yana jin wannan tarihi ne kamar tatsuniya.

Na zaɓi keke ne saboda saurinsa ya yi daidai da saurin ido. Mota tana wuce ƙofar masana'anta kafin a karanta sunanta, tafiyar ƙafa kuma ba ta ƙure titin da ya miƙe daga Sharaɗa zuwa Panshekara. Keke ba shi da injin da zai girgiza kyamara, ba ya kuma danne sautin wuri, shi ya sa a cikin bidiyona ana jin rurin janareta a inda ake aiki, ana jin kukan kurciya a inda aka daina. Akwai kuma wani abu da ke sosa mini rai duk sanda na shiga Bompai: a nan ne kamfanin Raleigh ya taɓa harhaɗa kekunan da iyayenmu ke alfahari da su.

Ga mai son gwadawa, darasi na farko shi ne inda za a ɗora kyamara. Kan keke, wato inda ake riƙewa, shi ne wurin da ya fi kowane karɓar bugu, domin duk abin da tayar gaba ta taka can yake ƙarewa. Ƙirji ya fi, saboda gwiwoyi da gwiwar hannu suna shanye girgiza kafin ta iso. Riƙe kyamara a hannu ɗaya yana ba da damar juya ta, amma sai a miƙaƙƙen titin da babu kowa, domin mai hannu ɗaya a kan birki ba shi da ta cewa idan tirela ta ɓullo daga kwana. A kan rage wa taya iska kaɗan don ta yi laushi a kan gargada. Idan an zo wurin da ake son ɗauka, sai a taka feda a sami gudu tun daga nesa, sannan a dakata da takawa, a ɗan ɗaga daga sirdi, a bar keken ya sulale da kansa, domin takun feda ne ke sa hoto lilo dama da hagu. Daƙiƙa goma zuwa goma sha biyar sun isa kowane gutsure.

Darasi na biyu na cikin kyamarar ne. Hoto mai faɗi yana ɓoye girgiza, wanda aka jawo kusa kuwa yana ninka ta. Idan aka ɗauka a kan hotuna 60 cikin daƙiƙa ɗaya aka kunna a kan 30, tafiyar tana raguwa da rabi, ta yi santsi. A da, sai manyan masu shirya fim ke da halin yin haka, da na'urar Steadicam wadda Garrett Brown ya ƙirƙira a Amurka a tsakiyar shekarun 1970. Yanzu ƙananan kyamarori irin su GoPro, har da wayoyi da dama, suna auna motsinsu da kansu, su yanke gefen hoto, su daidaita tsakiyarsa. Wannan dabara tana son haske sosai, shi ya sa nake fita da hantsi, ba na bari sai dab da magariba. A lokacin hunturu ƙura tana kwanciya a gilashin kyamara, dole a riƙa gogewa da tsumma mai laushi, a bazara kuma zafi kan sa ta kashe kanta idan aka bar ta tana aiki ba hutu.

Sai dai wannan fasaha tana da wani hali da ya kamata a sani. Takan mayar da titin da manyan motoci suka farfasa ya zama tamkar shimfiɗa, har mai kallo ya zaci kwalta ce sabuwa. Ramuka da kwatamin da ya cika ya tumbatsa suna daga cikin abin da ya kori wasu masu jari, kuma su ne leburori ke ratsawa kullum. Saboda haka, a kowane titi nakan tsaya cak, in sa ƙafa a ƙasa, in nuna ramin kamar yadda yake. A Challawa kuma, inda ruwan jimar fata ke bin magudanai ya nufi kogi, nakan faɗi da bakina irin warin da nake shaƙa, tunda kyamara ba ta da hanci.

Ladabi ma wani ɓangare ne na aikin. Ba na ɗaukar fuskar mutum sai da izininsa, ba na leƙa cikin harabar kowa, kuma idan na kusanci hedikwatar 'yan sanda ta Bompai nakan kashe kyamara tun daga nesa, domin wanda ya san abin da ya faru a Kano ranar 20 ga Janairun 2012 ba zai ga laifin jami'in da ya tsare shi da tambaya ba. Sallama ta buɗe mini ƙofofi da yawa. Wani dattijo mai gadin wata rufaffiyar masana'anta a Sharaɗa ya tambaye ni, "Yaro, gwamnati ce ta aiko ka?" Na ce, "A'a Baba, don 'yan baya nake ɗauka." Ya yi shiru, sannan ya ce, "To matso ka ɗauki wannan ƙofar da kyau, ta nan na shiga aiki ina saurayi."

Ɗaya daga cikin fina-finan farko a duniya, wanda 'yan'uwan nan Lumière suka ɗauka a birnin Liyon na Faransa a 1895, bai kai minti ɗaya ba, kuma ba komai ya nuna ba illa ma'aikata suna fitowa daga masana'anta, wasunsu da kekuna. Har yau ana kallonsa. Mu kuwa, namu ayarin ma'aikatan ya watse, abin da yawancinmu muka gada shi ne labarin baka. Ana ta jiran bututun iskar gas na Ajakuta zuwa Kaduna da Kano, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, da fatan ya farfaɗo da masana'antu. Ko ya farfaɗo da su, ko filayen sun koma rukunin gidaje, kamannin wuraren nan za su sauya.

Ina kira ga ɗaliban aikin jarida da na tarihi a Jami'ar Bayero da sauran makarantunmu da su raba titunan nan a tsakaninsu, kowa ya ɗauki nasa, ya rubuta rana da sunan titi, a tattara a ajiye a wuri irin Gidan Ɗan Hausa ko Gidan Makama. Keken aro da wayar hannu sun isa a fara. Allah Ya dawo wa Kano da jiniyarta.