Wata Huɗu A Gidan 'Yan Fim

Ni mutumin Kutemeshi ne, can gabashin Birnin Gwari, kuma a gidan kallo na fara sanin Kano. Janareta na ruri a bayan zana, mu muna kan benci muna kallon Sangaya da Wasila. Abokaina waƙa suke jira, ni kuwa gidajen nake kallo: falo mai kujerun alfarma, labule har ƙasa, firij a cike. Littattafan soyayyar da yayata ke ɓoyewa a ƙarƙashin katifa ma haka suke, sai marubuciya ta cinye shafi biyu tana siffanta ɗakin amarya. Na sha rantsewa a raina sai na kwana a irin gidan nan.

Na kwana ɗin kuwa, amma ba ta hanyar da na so ba. A Fabrairun 2021 'yan bindiga suka shigo garinmu suka kashe mutane. Bayan sadakar bakwai, yayana da ke aiki a Kano ya ce in taho da Inna. Maigidansa na da fulat a wani sabon bene, hawa na uku, a wajen badala kusa da Ƙofar Nassarawa. Ya ce mu zauna kafin a sami ɗan haya.

Jama'a, gida ya yi gida. Tayil kamar ka ga fuskarka, esi a kowane ɗaki, ruwan zafi da na sanyi, maigadi a get. Dillalin da ke kawo masu neman haya ba ya ma tsayawa kan waɗannan. Taga yake buɗe musu, ya nuna Dala da hasumiyar Babban Masallaci, ya ce ga ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara, ga can Kurmi, kasuwar zamanin Muhammadu Rumfa. Wato tsohon birnin ma an sa shi cikin kuɗin haya, sai dai daga nesa, ta bayan gilashi.

Ni na yi barci, ba zan ɓoye ba. Inna ce ta kasa. Na ɗauka firgicin gida ne bai sake ta ba, sai wata rana da asuba ta ce, "Kai ɗan nan, gidan nan ba a jin komai. In abu ya taso, wa zai ji ihunka?" A Kutemeshi da kunne muke kwana: haushin kare, ƙarar babura daga daji, kiran maƙwabci ta kan katanga. Nan kuwa an rufe taga an kunna esi, maƙwabcinka ko sunansa ba ka sani ba. Abin da masu kuɗi ke biya don su samu, shi ke hana ta runtsawa.

Sai rigimar turmi. Ranar da ta fara daka a kicin, na ƙasa suka aiko maigadi. Da ladabi ya faɗa, amma tun daga ranar turmin ya koma bayan ƙofa.

Don ta sha iska nake kai ta karofin Ƙofar Mata, wanda ake cewa tun 1498 ake rini a cikinsa. Tana jin warin baba da toka sai fuskarta ta saki. A nan ta yi ƙawa, wata dattijuwa mai ƙulla zane kafin a tsoma, 'yar Yakasai. Kafin wata guda Inna ta san lungunan unguwar fiye da matakalar benenmu.

Ana haka wasu 'yan fim suka kama fulat ɗin da ke kallon namu, lokeshan na kwana biyu. Na tsaya na kashe ƙwarƙwatar idona. Lemon firij ɗin da su suka zo da shi, kuma aka ƙirga shi kafin a tafi. Wanda ya fito a Alhaji mai gidan, da aka tashi, a Adaidaita Sahu ya koma. Ban ga laifinsu ba. Harkar da ta taso daga Turmin Danya a 1990, ta yi rarrafe a ƙananan ofisoshin Sabon Titi kafin ta koma Zoo Road, ai da aron gida ta girma. Haushina ɗaya: ban taɓa ganin an nuna tsohuwa irin Inna a cikin falon nan ba, tana zaune a ƙasa gefen kujera, ta rasa inda za ta shanya kuka.

A wata na huɗu aka sami ɗan haya. Ƙawar Inna ta samo mana ɗaki biyu a Yakasai, gidan haya mai rijiya, lungun da mota ba ta shiga. A kura aka kai kayanmu. Ni na yi sati ina juyi saboda zafi da sauro. Inna kuwa washegari tun da hantsi ta fito da turminta tsakar gida, matar ɗakin kusa ta ɗauko taɓarya ta biyu.