Robar da ke kwantar da batir

Wani lokaci da dare za ka ga mota a fake a ƙofar gida, an kashe ta an kulle, amma jar wutar birkinta na ci. Maigadi ya ƙwanƙwasa ƙofa: "Alhaji, an bar wuta a kunne." Alhaji ya fito ya murɗa duk abin da ke murɗuwa, wuta ta ƙi mutuwa. Kafin asuba batir ya kwanta. Ƙwai biyu ne masu wat 21 kowanne, kuma a yawancin motoci wutar birki ba ta jiran makulli, don haka kwana suke suna zuƙa.

Da yawa daga nan sai shagon batir, wasu har a ce musu altaneta ce. Mai rewaya da ya san aikinsa kuwa durƙusawa yake fara yi, ya cusa kai ƙarƙashin sitiyari da tocila. A saman sandar birki akwai ɗan makunni mai tsinke. Idan ba a taka ba, sandar na danne tsinken, wuta a kashe; da an taka, tsinken ya fito, wuta ta kama. Inda suke haɗuwa akwai 'yar roba kamar maɓallin riga. Shekaru da zafin rana kan busar da ita ta farfashe, musamman a tsofaffin motocin nan 'yan Kwatano, sai tsinken ya faɗa ramin da ta bari, motar ta ɗauka ƙafarka na kan birki har gobe. Sau da yawa ɓurɓushinta na nan kan tabarmar ƙafa, masu wankin mota ne ke share shaidar.

Idan makunnin kansa ne ya mutu, lamarin ya fi ruɗarwa. Giyar otomatik ta kafe a P, motar da ake tayarwa da maɓalli ta yi gum, wata ma ta kunna alamar ABS. Mai mota ya fara lissafin kuɗin giya, gumi na keto masa.

Binciken ba shi da tsawo. A sa yaro ya tsaya a baya, a taka. In fitilar sama ta gilashi ta kama, na gefe suka ƙi, makunni lafiyarsa lau, a duba ƙwai da wayoyinsu. In duka sun ƙi, a duba fis tukuna. Fis na da kyau, sai a zare soket ɗin makunnin a gwada da fitilar gwaji ko wuta na isowa, sannan a haɗa bakin wayoyin soket ɗin biyu da guntun waya. Wutar birki ta kama, makunni ne. Makunni mai waya huɗu dai a bar wa wanda ya san wacce ke zuwa kwamfutar motar, ban da cinke.

Wasu kan liƙa kwabo a gurbin robar da salatif. Yana kai mutum gida, amma salatif ba ya jure zafin watan Afrilu.