Ranar da Jirgi Ya Kafa Hanci a Garinmu

Duk wanda ya tashi a fadamar Haɗeja ya san jan-baki, tsuntsun nan da kan sauko kamar hadari ya cinye gero da shinkafa. Ina ɗan shekara 12 aka turo ƙaramin jirgin sama mai mutum ɗaya don ya fesa musu magani a makwancinsu da magariba. Garinmu ba filin kwalta. Fegi ne kawai aka share a bayan gari.

Mu yara aka ba aikin korar awaki da tsince duwatsu. Kwana 2 kafin zuwansa an yi ruwa. Ina tafe a tsakiyar filin sai ƙafata ta nutse har idon sawu. Ka san halin laka, sama ta bushe ta tsattsage, ƙasa kuwa taɓo. Na zare ƙafa, na goge a ciyawa, na yi gaba. A raina na ce, abin da ke yawo a sama ina ruwansa da taɓo?

Matuƙin ya yi yadda suka saba. Ya fara zagayawa ƙasa-ƙasa yana duba fili, ya lura da inda hayaƙi ya nufa, domin jirgi iska yake fuskanta in zai sauka. Amma daga sama busasshiyar ƙasa da mai laushi duk kamarsu ɗaya. Irin wannan jirgi manyan tayoyinsa biyu na gaba, ƙarama guda a wutsiya, kuma yakan taɓa ƙasa da gudun da ya kusa kilomita 100 a awa. Da tayoyin gaba suka faɗa lakar sai suka cije, nauyin jirgi kuwa bai tsaya ba. Wutsiya ta ɗaga, hanci ya kafe, farfela ta lanƙwashe.

Allah ya kiyaye, mutumin ya fito da rauni a goshi kawai. To, amma farfela in ta daki ƙasa, sai an binciki injin kafin a sake tashi. Kafin a gama gyara, jan-baki sun gama da shinkafar Baba da ta maƙwabta.

Da daddare na faɗa wa Baba. Ya daɗe bai ce uffan ba, sannan ya ce, "Kai, wa ka gaya wa?" Na ce ba kowa. Ya tashi ya ɗauki butarsa ya fita.