Bindiga mai ruwa

Ɗan'uwa mai karatu, ka san akwai masu tara tsofaffin bindigogin yaƙi? A Faransa da Ingila ana samun su. Mutum ya sayi wadda tsatsa ta ci, ya kankare ta, ya shafa mata mai, ya bar lambarta ta fito sarai. A Faransa, mai son ajiye irinta gida, sai an kai ta garin Saint-Etienne an toshe ta, ba ta ƙara tashi.

Cikin waɗanda suke tarawa akwai Maxim, ƙirar 1884. Kakanninmu suka sa mata suna bindiga mai ruwa, don ruwa ake zuba mata kar bakinta ya yi zafi. Tana aman harsashi wajen 600 cikin minti guda. Da ita sojan Ingila suka zo Kano da Sakkwato a 1903.

Ran da na ga hotonta tana walƙiya, raina ya ɓaci. Mahaifin kakata daga Sakkwato ya gudo Ƙonni, ya baro ƙannensa biyu kwance. Abin da ya kashe dangi shi ne ya zama kayan ado?

Duk da haka na kai hoton aji. Wani dattijo ya karanta shekarar da kansa, ya ce: «Malam, ashe ba tatsuniya ba ce.» Daga nan na yarda a adana ta, in dai an toshe ta.

Kai kuwa, in ka tono tsohon makami a gona, kar ka ce za ka gyara. Sanar da mai gari ko jandarma.