Daga Dogon Dutsi zuwa Tibiri: karen kuɗi da karen kyauta

Duk wanda ya taso daga Yamai ya bi kwalta ta Doso, ya wuce Bolbol da Kore Mai Ruwa, to bayan tafiyar kilomita wajen 270 zai hango jajayen duwatsun nan da suka ba Dogon Dutsi sunansa. In kuwa da asuba ya sauka, kafin ladan ya gama kiran salla zai ji wata murya ta daban tana amsawa daga unguwa zuwa unguwa har gindin dutse: haushin karnuka. Da rana sai ya gan su kwance ƙarƙashin rumbu ko bakin mahauta, sirara, masu dogayen ƙafafu da jan gashi irin na ƙasar wurin, wasu da yankakken kunne, alamar suna da ubangiji, wasu kuwa ba mai cewa nasa ne.

A Turai an daɗe ana cacar baki kan wannan dabba. Wani ɓangare na cewa mai son kare ya je wurin masu kiwon iri ya saya, don ya san asali da halin abin da zai kai gida. Ɗaya ɓangaren na cewa abin kunya ne a biya kuɗi a haifo sabo alhali dubbai na tsare a gidajen da ake tara waɗanda aka yasar. Ƙungiyar SPA ta Faransa, wadda aka kafa tun 1845, tana riƙe da irin waɗannan gidaje da dama, kuma dokar 30 ga Nuwamba 2021 ta hana sayar da kare da kyanwa a kantunan dabbobi daga farkon 2024. Ingila ma tun 2020 ta hana dillalai sayar da ƴan kwikwiyo.

Mutumin Arewa zai ce wannan gardamar ƙoshi ce. Amma in ya duba da kyau zai ga ta iso ƙofar gidansa, riga kawai ta canza.

A ƙauyukan Dallol Mawri, daga Matankari zuwa Bagaji da Lugu, garin Sarauniya Mangu wadda ta tari sojojin Voulet da Chanoine a 1899, kare tsohon abokin zama ne. Labarin baka ya nuna farauta na cikin sana'o'in mutanen farko na wannan kwari, kuma har gobe maharbi ba ya raina karensa: yana rataya masa laya, yana ba shi rabonsa in an kama zomo ko zabon daji. Makiyayi na barin sa gadin garke saboda dila, manomi kuwa gadin rumbu. Irin wannan kare ba kasafai ake cinikinsa ba. In karya ta haihu, maƙwabci ya zo ya roƙa, a ce masa ya dakata a yaye, ran nan ya aiko yaro ya ɗauka. Wanda ya ba ka kare ya san gidanka, in ka wulaƙanta shi zai ji labari. Ashe abin da Turawa suka gina wa gidaje da ofisoshi, a nan zumunci ne ke riƙe da shi.

Malamai ma suna da ta cewa, tunda mazhabar Malikiyya ake bi. A wurin Imamu Malik kare mai rai ba najasa ba ne, kuma an yarda a ajiye shi don farauta ko tsaron dabbobi da gona. Sayar da shi ne aka yi hani a kai, kamar yadda ya zo cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, tare da saɓanin malamai game da karen da aka halatta ajiyewa. Shi ya sa dattijo kan ƙyamaci kuɗin kare, amma ba ya ƙyamar kyautarsa.

A cikin gari kuwa, inda gidajen siminti ke ta tashi, wani ra'ayi ya shigo. Ɗan kasuwa mai sito cike da kaya, ko ma'aikacin da aka yi wa canji daga babban birni, in ya tuna ɓarawo sai ya ce karen ƙauye ba shi da kwarjini. Sai ya yi saƙo Yamai ko Nijeriya a kawo masa karen Jamus, wanda masu jin faransanci ke kira berje, da kuɗin da zai sayi tumaki. Hujjarsa ba ta banza ba ce: irin na da ƙarfi, yana ɗaukar horo, ganinsa kaɗai kan sa mai mugun nufi ya canza hanya. Sai dai gashinsa ninki biyu ne, na ƙasar sanyi, ga shi a Afrilu da Mayu zafin Dutsi na haura digiri 40. Likitocin dabbobi sun san irin da ciwon ƙugu na gado, da rashin jure cutar da kaska ke sa wa jini. Takardar asalin da dillali ke miƙawa kuwa, wa zai tantance ta? Sau da yawa abin kan ƙare da kare ɗaure da sarƙa cikin rana, ba ya cin tuwo, maigida na hasarar nama.

Abin mamaki, lokacin da mai kuɗin gida ke neman karen waje, na waje karen Sahel yake nema. Siririn karen nan na Buzaye, wanda ya ɗauki sunan kwarin Azawak da ke tsakanin Nijar da Mali, an fara kai shi Turai a shekarun 1970, kuma babbar ƙungiyar masu karnuka ta Amurka ta shigar da shi cikin jerin irinta a 2019. Can ana sayar da shi da tsada, da takarda da hatimi. Wani bincike da aka buga a 2009 kan karnukan ƙauyukan Masar, Uganda da Namibiya ya nuna yawancinsu ba gaurayen karnukan Turawa ba ne, tsohon jini ne na Afirka. Ƙasar da ta san darajar saniyar Azawak har ta keɓe mata gandun kiwo a Tukunus, ita ce ke jifar karenta da dutse.

In matafiyi ya koma Kore Mai Ruwa ya yi kudu zuwa Tibiri, wadda ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011, zai ga ɗaya fuskar maganar. Nan iyaka na kusa, kasuwanni na ci, kuma kowane juji na da karnukansa. Waɗannan su ne rarar kyauta: ƴaƴan da ba a roƙa ba, da waɗanda maigida ya tafi cin rani ya bari. Haɗarinsu shi ne ciwon haukan kare. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ƙiyasta yana kashe mutum 59.000 kowace shekara, galibi a Afirka da Asiya. Kusan duka daga kare ne, kuma wajen 4 cikin 10 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamomi sun bayyana, sai dai addu'a. Alhali tun 1885 Louis Pasteur ya ceci yaro da allura. Wanda kare ya ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, ya nufi likita a ranar, kada ya jira ganin ko karen zai haukace. Karen kuwa a tsare shi a sa masa ido kwana 10 aƙalla.

A nan ne gardamar ke rasa ƙafa, domin ƙwayar cutar ba ta tambayar takardar asali. Zuba guba da aka saba yi a garuruwa da yawa na Afirka ba ya magani: juji na nan, wasu karnukan za su maye gurbi. Abin da masana suka tabbatar shi ne, in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri allura, cutar na yankewa. Duniya ta ɗauki 2030 a matsayin wa'adin kawo ƙarshen mutuwar mutane ta wannan hanya, kuma kowace 28 ga Satumba ana tunatarwa.

Saboda haka mai son kare a Arewa, kafin ya aika kuɗi Yamai, ya leƙa gidan maƙwabci. In kuma ya nace sai ya saya, ya ga uwar da idonsa. Ko wanne ya ɗauka, ya kai shi ma'aikatar kiwo a yi masa allura, ya ba shi inuwa da ruwa, ya san abin da zai yi da ƴaƴan da za a haifa. Magabata kuma, daga magajin gari zuwa sarakuna, su tuna cewa ba a kiwon kare ranar farauta. Da yamma, in shanu na komowa gindin dutse, jan karen nan ne ke biye da su, kuma yaran da ke wasa kusa da shi ƴaƴan kowa ne.