Takardar awon jini da sojojin da ke cikinta

Manoma da makiyaya, yau awon jini ya zama ruwan dare a asibitocinmu. Sai a miƙo wa mutum takarda cike da lambobi, a kanta an rubuta NFS. Wanda bai fahimce ta ba yana iya tsorata a banza, ko kuma ya yi sakaci inda ya kamata ya gaggauta.

A cikin jini akwai jajayen ƙwayoyi da farare. Fararen su ne sojojin jiki. Rundunar da ta fi yawa cikinsu ana kiranta nitirofil, a takarda kuwa za ku ga neutrophiles. A ɓargo ake yin su. Idan ƙwayar cuta ta shiga, su ke fara tarar ta. Mugunyar da ke fita daga maruru, yawancinta gawarwakinsu ne. A ɗigon jini da bai kai ƙwayar gero ba, babban mutum mai lafiya yakan sami wajen 1,500 zuwa 7,500.

Wani manomi ya zo cin rani Yamai, ya sauka wurin ƙanensa a unguwar Banifandou. Ciwon baya ya kai shi asibiti, aka yi masa awo. Takarda ta nuna 1,300. Ɗan ƙanen nasa, ɗan lakwal, ya duba ya ce: "Baffa, sojojinka sun yi ƙasa." Tsoho ya kwana bai runtsa ba. Har ya yi niyyar aikawa gida a sayar da sansa na huɗa, ya sayi magani.

Da safe ƙanen ya ce: "Yaya, kada ka taɓa san nan sai likita ya gani." Likita ya tambaye shi ko yana zazzaɓi, ko gyambon baki, ko yawan maruru, ko yana shan wani magani. Ya ce babu. Ya duba shi sarai, sannan ya ce: "Baba, kwantar da hankalinka. Mutanen Afirka ta Yamma da yawa haka aka halicce su, lambarsu ƙasa kaɗan, kuma lafiyarsu lau. Ka dawo mu sake awo don mu tabbata." Awo na biyu ya fito kusan daidai da na farko. Sa ya tsira, damana ta tarar da shi a gona.

Amma ba kowane ƙaranci ne na halitta ba. Taifot, ƙyanda, sida da maganin kansa suna iya rage su. Idan lamba ta faɗi ƙasa da 500, ga kuma zazzaɓi, to gari ba masu tsaro. A tafi asibiti a ranar, ko da dare ne.

Idan kuwa sun yi yawa, galibi yaƙi ake yi a jiki: ciwon haƙarƙari, gyambo mai mugunya, ko sanƙarau. A 2015 sanƙarau ya kashe mutane fiye da 500 a Nijar, har aka rufe lakwal-lakwal a Yamai. A wannan cuta sojojin nan sukan cika ruwan ƙashin baya har ya gurɓace. Juna biyu, shan taba da ƙwayoyin ƙiba da mata ke saye a kasuwa su ma suna ɗaga lamba.

Saboda haka lamba ita kaɗai ba ta yanke hukunci. Likita yana haɗa ta da abin da ya gani a jikin mutum. Ku adana tsofaffin takardunku, ku tafi da su. Ku faɗi duk maganin da kuke sha, har na gargajiya. Kada ku sayi ƙwaya wurin mai talla don gyara lamba. Wanda ya koyi karatu ya karanta takardarsa, fassararta kuwa ya bar wa likita.